Shekara Ukun da Na Ƙara Saboda Modu

Tun da na dawo Haɗejiya na kama noman shinkafa, ba a yin mako biyu wani saurayi bai tare ni da waya a hannu ba. Sai ya nuna mini bidiyon wani matuƙi zaune a gaban jirgi, ya miƙe ƙafa yana kurɓar shayi, gajimare na wucewa ta taga, ya ce, "Baba Kyaftin, ashe aikin naku duk zama ne?" Ni kuwa nakan ce e, zama ne. Shekara kusan ashirin na yi ina wannan zaman, shi ya sa yanzu in zan tashi daga tabarma sai na dafa bango. To yau tunda kun taru, kuma na ji uku daga cikinku sun cike takardar shiga sojan sama, ku gyara zama in gaya muku abin da ba a sawa a bidiyo.

Ni jirgi mai saukar ungulu na tuƙa. Shi ba ya son ka huta da gaɓa ko ɗaya. Hannun hagu yana kan sandar da ke ɗaga shi sama ko ta sauke shi, hannun dama yana kan wadda ke kai shi gaba da baya, ƙafafu biyu suna kan feda suna hana wutsiyarsa juyawa. In ƙuda ya sauka a hancinka sai dai ka yi masa sannu da zuwa. Ban da waɗannan akwai taswira a naɗe a kan cinya, da agogo, da kamfas mai nuna maka gabas da yamma, da wani kati da ake karanta abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya kafin a tada inji. Na karanta katin nan har na haddace shi kamar sunana, amma ranar da na yi ƙoƙarin faɗarsa da ka, malamina ya sa na sauka na zagaya filin sau uku da gudu.

Malamin nan sunansa Oga Bitrus, ɗan gajere ne mai ƙaramar murya. Aikin farko da ya ba ni shi ne ya zana da'ira da farar ƙasa a tsakiyar fili, faɗinta kamar rumfar mai shayi, ya ce in tsayar da jirgi a samanta minti ɗaya ba tare da na fita ba. Na yi dariya a raina. Muka tashi, ya ce, "Jirgi a hannunka." Na amsa yadda aka koya mana, "Jirgi a hannuna." Kafin in rufe baki da'irar ta ɓace, muna can wajen shingen bariki muna korar awakin mutane. Mako bakwai na yi kafin in cika minti ɗayan nan. Waɗannan maganganu biyu kuwa, jirgi a hannunka da jirgi a hannuna, ku riƙe su. Mutum biyu ne ke zama a gaban jirgi, kuma ba a yarda a yi daƙiƙa guda ba a san wanda ke riƙe da shi ba. Sai ka faɗa, ɗan'uwanka ya amsa, sannan ka saki.

Ranar da aka ba mu takardar gama koyo, bayan an ɗaura mana alamar fiffike a ƙirji, aka kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya. Wani magatakarda ya turo mini takarda mai shafi huɗu ya nuna inda zan sa hannu. Alƙawari ne cewa zan yi wa runduna aiki shekara goma daga ranar, ba fita, ba canja sheƙa. Ban karanta ba. Da a ce shekara talatin aka rubuta ma da na sa, don a lokacin burina in fito in ɗauki hoto. Da na zo gida na gaya wa mahaifina, wanda sana'arsa fataucin bandar kifi ce, sai ya dube ni ya ce, "Garba, ko mai koyon ƙira ai shekara bakwai ake 'yanta shi. Kai me za ka ƙera haka?"

Abin da ke shafi na uku, wanda ban karanta ba, shi ne duk kwas ɗin da aka tura ka, shekaru za a ɗora maka a kan na da. Aka kawo sabon jirgi, aka tura mu koyonsa, aka ƙara. Aka tura ni kwas na zama malami, aka ƙara. Haka goma ta zama goma sha shida ina ji ina gani.

Kada ku ce zaluntarmu aka yi. Kafin a mai da ɗan mai bandar kifi matuƙi, man da ya ƙone kaɗai ya isa a yi tunani. Ba mai hankalin da zai yi wannan wahala ya bar ka ka tafi washegari. Amma ga abin da na gani da idona. Mutumin da aka ɗaure da takarda, kwana yake ƙirgawa. Kowane matuƙi a cikinmu yana da kalanda a manne a cikin ƙofar kabad ɗinsa, kullum da safe ya soke rana ɗaya. Kamfanonin da ke jigilar ma'aikatan mai a kudu kuwa sun san ranar kowa fiye da matarsa, saura wata shida sai ka ga wasiƙa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwanayenmu suka fara gudun ilimi. Ranar da za a zaɓi masu zuwa kwas, sai ka ga hafsa lafiyayye, wanda jiya ya ci tuwo malmala uku, ya tashi da ciwon kunne. An yi takardar don ta riƙe gwanaye, ta koya musu ɓoye gwaninta.

Fasinjojinmu kuwa iri-iri ne. Na ɗauki sojojin da ba sa tsoron harsashi amma da jirgi ya karkata sai su kama neman leda. Na ɗauki wani babban mutum da ya dage sai in sauke shi a filin ƙwallon da ke gaban gidansu don surukansa su gani, muka ɗaga wa masu shanyar barkono kayansu gaba ɗaya, unguwar ta kwana tana atishawa. Na ɗauki buhunan hatsi, da akwatunan magani, da raunanan da ba ka juyawa ka kalle su, sai dai ka ƙara gudu. Waɗannan na ƙarshe su ne aikin, sauran duk kari ne.

Sai muguwar shekara ta zo. Mu bakwai ne manyan matuƙa a sansaninmu, kuma shida daga ciki rana ɗaya muka sa hannu, kwas ɗaya muka je. Wanda ya tsara abin bai tuna cewa waɗanda suka shiga tare, tare za su fita ba. Cikin damina guda biyar suka ajiye kaki. Ni na saura da wata huɗu, don zazzaɓi ya kwantar da ni lokacin jarrabawar wani kwas, takardata ta makara. Na bakwai kuwa kwamandanmu ne, wanda ofis ya cinye. Jirage uku aka lulluɓe da tamfol, har kurciya ta yi sheƙa a bakin injin ɗaya. Makanikai suna zuwa da safe su goge su, su koma ƙarƙashin bishiya su yi dara.

A lokacin akwai wani ƙaramin hafsa da ake kira Modu, mutumin Birniwa, dogo, marar yawan magana. Shekara biyu yana zama a kujera ta biyu. Abin da ya rage masa shi ne malami ya yi wasu awoyi da shi a sama, ya jarraba shi, ya sa masa hannu cewa ya isa ya riƙe jirgi da kansa. Kuma a dokar lokacinsu, shekarunsa goma ba za su fara ƙirguwa ba sai ranar da aka sa hannun nan. Wato yana ɗaure, amma ko agogon ɗaurin bai fara tafiya ba. Malamin da ya rage ni kaɗai ne, ni kuma takardar malantata ta ƙare. Sabunta ta sai an je kwas na mako shida, kwas ɗin kuma shekara uku ne a wuyana.

Kwamanda ya kira ni ya ce, "Garba, in ka tafi, yaron nan zai zauna har sai an turo mana wani malami. Ni da kai mun san yaushe ne wannan."

Na ce, "Yallaɓai, na yi goma, na yi shidan da ban san da ita ba. Wasiƙar kamfani tana aljihuna. Maman Aisha ta riga ta ɗaure tukwane."

Gaskiya ce kuwa. Matata ta gaji da gidan bariki mai yoyo da canja wa yara makaranta, har ta fara sayar da kajinta. Shi Modu bai taɓa roƙona ba. Kullum zai gaishe ni, ya ɗauki taswira ya zauna yana zane-zanensa da fensir. Da ya roƙe ni ma da na fi samun sauƙin ƙi.

Ana cikin haka ruwa ya ci ƙasarmu. Kogin Haɗejiya ya tumbatsa, ya haɗe da fadamu, tun daga wajen Miga har gabas da gari ba ka ganin komai sai ruwa da kawunan bishiyoyi. Aka turo mu da jirgi ɗaya, ni da Modu da makanike, muka sauka a wani fili a bayan gari inda aka ajiye mana gangunan mai. Wata safiya saƙo ya zo cewa mutane sun taru a wani tudu da ake kira Tudun Kuka, maciji ya sari wani dattijo, don in ruwa ya zo macizai ma tudu suke nema. Kwale-kwale zai yi wuni bai kai ba. Aka ba mu akwatin magani da malamin asibiti ɗaya.

Da na ji sunan wurin sai na ji daɗi, don ƙauyen kakata yana daf da shi. Ina yaro a can nake hutu, na san kowace kwana ta kogin, na sha kama tarwaɗa a ƙarƙashin kukokin nan biyu. Modu ya shimfiɗa taswira zai nuna mini layin da ya zana, na ce masa ya naɗe kayansa. Na ce, "Wannan ba sai da takarda ba. Kogi za mu bi, in ya yi kwana ta uku za ka ga kuka biyu a hagu."

Muka tashi. Ko cikin ambaliya, in kana sama kana iya gane inda asalin kogi yake, don ruwansa ya fi duhu kuma yana gudu. Na kama wannan duhun na bi, ina ta ba su labarin yarintata ta cikin abin magana. Bayan minti goma sha biyu Modu ya ce, "Oga, agogo da kamfas sun ce mu karkata dama."

Na ce, "Agogo da kamfas sun taɓa cin tuwo a Tudun Kuka?"

Ya koma kallon agogonsa. Bayan minti uku ya sake cewa, "Oga, mun bar layi da nisa."

Na ce, "Modu, a ƙasar nan aka yanke cibiyata."

Kwana ta uku ta zo, na leƙa hagu. Ba kuka, ba tudu, ba mutum. Sai wani rufin rumbu yana yawo a ruwa da balbelu a kansa. Na zagaya sau ɗaya, na sake zagayawa. Na dubi ma'aunin mai, na ga ya yi ƙasa. Tsoro na ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa.

Modu bai ce ai na gaya maka ba. Ya ɗago taswirar daga cinyarsa, ashe tun da muka tashi yake bin mu da fensir, kowane minti biyu ya ɗiga alama. Ya ce, "Ga inda muke. Tudun yana kudu maso gabas, minti shida. In mun tsaya minti biyar a can, man zai mai da mu gida da ɗan saura. In mun sake zagaye ɗaya a nan, ba zai kai ba."

Na ce, "Jirgi a hannunka."

Ya ce, "Jirgi a hannuna."

Minti shida cif sai ga kukoki biyu, ga mutane cunkushe da awaki da tabarmi. Wurin sauka bai fi daben masallacin unguwa ba, kuma ƙasar ta jiƙe, in ka sakar mata nauyin jirgi duka za ta haɗiye ƙafafunsa. Modu ya sauko a hankali, ya taɓa ƙasa da ƙafafun kawai, ya riƙe sauran nauyin a iska, har aka sauke magani aka ɗora dattijon. Hannuna yana kusa da sanda ko zai buƙace ni. Bai buƙace ni ba.

Dattijon nan, da ƙafarsa a kumbure kamar turmi, bai fasa surutu ba. Da muka sauka a bayan gari ana shirin sa shi a mota, ya ƙura mini ido ya ce, "Kai ba jikan Iya Fanna ba ne? Mun ji ƙararku kun yi arewa, muka ce to waɗannan ina za su?" Na ce kogi na bi, Baba. Ya yi dariya har sai da ciwon ya katse shi. Ya ce, "Wane kogin? Ai kacalla ta toshe tsohuwar hanyar tun kana wajen aikinka, ruwa ya fasa sabuwa ta arewa. Yaro, ka daɗe ba ka zo gida ba." Kacalla ita ce doguwar ciyawar nan da ke cike mana magudanai, kun san ta. Shekara ashirin tana aikinta, ni kuwa ina can ina taƙama da kogin da na sani ina ɗan shekara goma sha biyu.

Da yamma ina zaune a kan gangar mai, na ga Modu yana cike littafin awoyinsa. A gurbin da ake rubuta matsayin matuƙi ya rubuta na biyu, kamar kullum. Mutumin da ya dawo da mu gida ke nan, kuma a takarda bai isa ya tada inji ba sai da ni a gefensa. Abin ya dame ni. Da muka koma sansani na shiga ofishin kwamanda na ce a kawo takardar kwas ɗin. A wannan karon na karanta shafi huɗun duka, sannan na sa hannu.

Maman Aisha ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kwance tukwanenta ɗaya bayan ɗaya tana jera su da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ta ce, "Kajina dai sai ka biya ni da wasu." Mako biyu ana ba ni tuwo ba man shanu.

Na je kwas na dawo, na yi awoyin da Modu, na jarraba shi ba sassauci, na sa masa hannu. Ranar ya sayi kalanda. Ni kuma na yi shekara ukuna. Kafin su cika kamfanin ya ba wani kujerar, idona kuma ya fara neman tabarau, likitansu ya duba ni ya ce in yi haƙuri. Shi ke nan na tattaro na dawo fadama. In kuna son ku ji ko na yi da-na-sani, na yi, musamman shekarar da tsuntsayen jan-baki suka cinye mini rabin gona.

Bara, ina tsaye a bakin gonata ina duba ruwa, sai ga mota ta tsaya. Modu ne, ya yi ƙiba, har da furfura a gemu. Muka gaisa, muka zauna a inuwa, aka kawo fura. Ya daɗe yana juya ludayi kafin ya ce, "Oga, gomata ta cika watan jiya. Na ajiye. Kamfanin nan na kudu ne suka kira ni. Na ce ba zan fara ba sai na zo ka ji daga bakina."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Kujerar da na bari saboda shi, ita zai je ya hau. Na ce, "To madalla. Ashe shekara ukuna na zuba a rariya. Su kuma na bayanka wa zai sa musu hannu? Ko tamfol za a sake saye?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wayarsa, ya nuna mini hoto. Wasu matasa biyu ne cikin kakin tuƙi, namiji da mace, suna tsaye a gaban jirgi. Ya ce shi ma ya je kwas ɗin malanta tun da wuri, ya ce a haɗa masa shekara ukun kwas ɗin a cikin gomarsa tun da saura da yawa a gabansa, kwamandan lokacin ya yarda don ba mai so. Shekara biyun ƙarshe bai ɗauki hutu ba, Asabar da Lahadi yana sama da su, har ya sa wa kowannensu hannu kafin ya miƙa takardarsa.

Ya ce, "Oga, kai ɗaya ka bar musu. Ni biyu na bari."

Na karɓi wayar na matso da ita kusa da tabarau. Na tambaye shi ita macen ta iya tsayuwa a kan da'ira. Ya ce mako huɗu ta yi. Na ce ƙarya yake, ya rantse. Na miƙa masa wayarsa, na ce ya shanye furar ya tashi, hanyar kudu da nisa.